Gocewar kwatangwalo ga yaron da ba ya jin zafin ciwo: a yi tiyata ko a bari?

"Assalamu alaikum likita. Ni uwa ce daga Aboabo a nan Kumasi. Ɗana shekararsa 6. Tun yana jariri ba ya kuka idan an yi masa allurar rigakafi, da ya fara haƙora ya tauna harshensa da yatsunsa, ba ya gumi, kuma jikinsa yakan ɗauki zafi sosai idan rana ta take. Likitoci sun ce ciwon gado ne da ke hana shi jin zafi. Wata huɗu da suka wuce muka ga yana ɗingishi, ƙafar hagu ta gajarce. Hoto ya nuna kwatangwalonsa ya goce. Aka mayar, aka sa masa filasta mako shida, amma mako uku da cirewa ya sake gocewa, shi kuwa yana ta wasansa. Wani likita ya ce a yi tiyata, wani ya ce a bar shi haka. Kakarsa kuma ta ce a kai shi wurin mai ɗori. Wanne za mu bi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da alheri a kan hidimar da kike yi da shi. Idan na fahimce ki daidai, kina so ki san ko tiyata za ta tsayar da wannan gaɓa a mazauninta, ko kuwa barinta a goce ya fi aminci, da kuma dalilin da ya sa likitoci biyu suka dubi hoto guda suka ba da shawara mabambanciya. Ni likitan ƙashi ne, kuma ban duba yaron ba, ban ga hotonsa ba, saboda haka abin da zan rubuta ba zai maye gurbin hukuncin wanda ya taɓa shi da hannu ba. Sai dai zan iya shimfiɗa miki yadda muke auna irin wannan lamari, domin ki koma wurinsu kina sane da abin da za ki tambaya.

Asalin ciwon

Alamomin da kika lissafa, wato rashin jin zafi da rashin gumi da yawan zafin jiki da tauna harshe lokacin fitar haƙora, sun dace da larurar da likitoci ke taƙaita sunanta da CIPA. A shekarar 1996 masu bincike a Japan suka gano cewa tana faruwa ne saboda tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna NTRK1. Aikin wannan ƙwaya shi ne taimaka wa siraran jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da ɗumi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa su tsiru tun jariri yana ciki, tare da jijiyoyin da ke ba fata umarnin fitar da gumi. Idan ba ta yi aiki ba, waɗannan jijiyoyi ba sa samuwa. Manyan jijiyoyin taɓi kuwa suna nan, shi ya sa yaron yake sanin an taɓa shi, amma ba ya bambance shafa da yanka. Akwai wani nau'in kuma da aka bayyana a 2006 daga wasu iyalai na arewacin Pakistan, wanda tangarɗarsa take a ƙwayar SCN9A. Masu shi suna gumi yadda kowa yake yi, amma ba sa jin ƙamshi ko wari. Na ambaci wannan ne domin bambancin yana da amfani a wurinmu: yaron da ba ya gumi yana cikin haɗarin da ya fi na wancan idan aka lulluɓe rabin jikinsa da filasta a zafin watan Fabrairu da Maris.

Hanyar gadonsa irin ta sikila ce, wadda mutanen Kumasi suka saba da bayaninta tun da aka fara gwajin jarirai a garin nan a 1995. Uwa tana ɗauke da ƙwaya ɗaya, uba yana ɗauke da ɗaya, dukansu lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya haɗa biyun. Ya fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. Ba laifinki ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba wani abu kika ci da cikinsa ba.

Me ya sa gaɓar take ta gocewa

Kwatangwalo ƙwallo ne a cikin kwarmi. Kan ƙashin cinya ne ƙwallon, ƙashin ƙugu ne ke da kwarmin, sannan akwai wata jaka mai tauri da ta naɗe su, ga kuma tsokoki a kewaye. Mutane suna ɗauka wannan jaka ce kaɗai ke riƙe gaɓar, alhali babban mai gadinta shi ne zafi. Idan yaro mai lafiya ya lanƙwasa ƙafarsa fiye da kima, kafin ma ya yi tunani tsokokinsa sun ɗaure sun dawo da ita. Idan ya diro daga katanga ya bugu, zai yi kwana uku yana lallaɓa ƙafar, kuma a cikin kwanakin nan ne jakar da ta ɗan yage take warkewa. Ɗanki ba shi da wannan hutu na dole. Yana dirowa yau, ya sake dirowa gobe a kan raunin jiya, yana zama a yanayin da wani yaron ba zai jure minti ɗaya ba, har jakar ta saki ta zama kamar tsohuwar safa. Da yawa daga cikin waɗannan yara kuma suna da sakin gaɓoɓi da ƙiriniya mai yawa, abin da ke ƙara wa lamarin nauyi. Rahotannin likitocin Japan, inda aka fi tattara bayanan masu wannan larura, sun nuna cewa kwatangwalo ne gaɓar da ta fi gocewa a jikinsu, kuma maimaituwar gocewar abu ne sananne.

Akwai mataki na gaba da muke tsoro. Gaɓar da ake ta bugu ba tare da an ji ba takan fara rugujewa: guringuntsi ya cinye, ƙashi ya farfashe, gaɓar ta kumbura ta yi ɗumi. Likitan Faransa Charcot ne ya bayyana wannan a 1868, shi ya sa ake kiran irin wannan gaɓa da sunansa. Mu a nan mun san misalinsa ta wata hanya. Dattawanmu sun ga kutare da dungulmin yatsu, suna zaton cutar ce ke cin naman, har sai da likita Paul Brand, a aikinsa na Indiya, ya nuna cewa yawancin ɓarnar daga ƙuna da rauni ne da mutum bai ji ba. Haka ƙafar mai ciwon suga take lalacewa. Hanyar ɗaya ce, sai dai a wurin ɗanki abin ya shafi jiki duka kuma tun daga haihuwa.

Saboda haka sake gocewar da ta faru bayan cire filasta ba ta nuna cewa wanda ya mayar da gaɓar ya yi sakaci. Mako shida yana isar yaro mai jin zafi, domin bayan an cire filastar shi da kansa zai ci gaba da takatsantsan. Ɗanki kuwa ranar da aka cire masa, ranar ya koma gudu.

Abubuwa uku da ya kamata a tantance kafin a yanke hukunci

Na farko, kuma shi ne na gaggawa, shi ne ko akwai mugunya a cikin gaɓar. Yaran nan suna yawan samun gyambo a yatsu da baki da tafin ƙafa, kuma daga nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini su sauka a ƙashi ko gaɓa. Mugunyar da ta taru a kwatangwalo tana iya tura ƙwallon waje da kanta, tana kuma iya narkar da guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Yaro mai jin zafi da wannan matsala ta same shi ba ya yarda a taɓa ƙafarsa, ihunsa ne ke kawo shi asibiti. Naki ba zai yi ihu ba. Zazzaɓinsa ma ba abin dogaro ba ne, domin kin saba ganin jikinsa da zafi, kuma a garinmu duk zafin jiki sai a fara cewa zazzaɓin cizon sauro ne. Don haka sai an yi gwajin jini mai nuna kumburi, a ɗauki hoton sikanin na gaɓar, idan an ga ruwa a zuƙo shi da allura a kai ɗakin gwaji. In aka sami mugunya, babu sauran muhawara: a buɗe a wanke a ranar, a bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni.

Na biyu shi ne tsawon lokacin da gaɓar ta yi a waje. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya suna bi ne ta wuyan ƙashin, kuma gocewa tana miƙe su ko ta tsinke su, shi ya sa idan gocewar ta buguwa ce muke son a mayar cikin awa shida. Bisa lissafin da kika bayar, ƙafar ɗanki ta yi kusan wata biyu a goce a wannan karo na biyu. A irin wannan tsawon lokaci kwarmin yakan fara cikewa da nama mai tauri, tsokoki kuma su gajarce. Jan ƙafar da ƙarfi a yanzu yana iya karya wuyan ƙashin ko ya raba wurin da ƙashin ke tsiro, kuma waccan ɓarnar ta fi gocewar muni nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne siffar ƙasusuwan kansu: shin ƙwallon yana nan a mulmule, shin kwarmin yana da zurfi, ko kuwa rugujewar da na ambata ta fara? Amsar wannan ita ce ta fi raba hanya, kuma ina kyautata zaton a nan ne likitocin biyu suka saɓa.

Abin da tiyata ke iya yi da abin da ba ta iya yi

Tiyatar da ake nufi ba ƙarama ba ce. Za a buɗe gaɓar a share kwarmin, a mayar da ƙwallon, a tsuke jakar a ɗinke. Sau da yawa ana yanka ƙashin cinya a ɗan rage tsawonsa ko a juya shi, a riƙe da ƙarfe da kusoshi, wani lokaci kuma a yanka ƙashin ƙugu a sunkuyo da rufin kwarmin domin ya rufe ƙwallon, irin aikin da likita Salter na Kanada ya bayyana a 1961. Ga yaran da aka haifa da kwarmi marar zurfi, waɗannan ayyuka suna da kyakkyawan sakamako. Amma duk an tsara su ne a bisa zaton cewa majinyacin zai ji zafi ya kiyaye ƙafarsa har ƙashi ya haɗe. Ga yaron da ba ya ji, abin da aka sha gani shi ne ya taka ƙafar kafin lokaci, ƙarfen ya lanƙwashe ko ya karye, ɗinki ya buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga su maƙale a jikin ƙarfen, ko kuma komai ya warke lafiya amma bayan shekara ɗaya ko biyu gaɓar ta sake fita, tun da dalilin da ya saki jakar tun farko yana nan bai gushe ba. Larurar ba ta da yawa a duniya, don haka abin da aka rubuta a kanta rahotanni ne na yara ƙalilan nan da can, babu wani babban gwaji da ya kwatanta tiyata da rashinta. Wannan ne ya sa likitoci biyu masu gaskiya za su iya saɓawa.

Wani kuskure da nake so in kawar shi ne zaton cewa tun da ba ya jin zafi, ana iya yi masa aiki ba tare da maganin barci ba. Yana jin taɓi, yana jin tsoro, kuma tsokokinsa sai sun saki kafin a iya mayar da gaɓa. Likitan sa barci ma yana da ƙarin aiki a kansa: lura da zafin jikinsa a kowane lokaci, da bugun zuciya da hawan jini da kan yi sama da ƙasa, da abinci da kan daɗe a cikinsa ya jawo amai. Aiki ne na babban asibiti mai likitocin ƙashin yara da ɗakin kulawa ta musamman, irin Komfo Anokye a nan ko Korle Bu a Akra.

Filasta ma tana da nata haɗarin. Na taɓa kula da wata yarinya mai irin wannan larura, aka sa mata filastar da ke kamawa daga ƙirji zuwa ƙafa. Ta dawo bayan mako biyu tana dariya, mahaifiyarta ce ta ce tana jin wani wari. Da muka buɗe, sai ga gyambo a kan ƙashin ƙugu inda gefen filastar ke gogawa, ya yi zurfin da ya ɗauke mu watanni kafin ya rufe. Tun daga ranar, idan dole ta sa na sa wa irin wannan yaro filasta, ina ninka audugar da ke ƙarƙashi, ina buɗe tagogi a kan wuraren da ƙashi ya turo fata, ina kuma sa a dawo da shi kowane mako maimakon a jira ranar cirewa.

To, idan aka bar shi fa?

Mutane suna jin kalmar "a bari" kamar an yanke ƙauna ne, amma zaɓi ne da yake da hujja. Babbar illar gocewar kwatangwalo da ba a gyara ba ga sauran mutane ita ce ciwon da ke zuwa idan sun girma. Ɗanki ba zai ji wannan ciwo ba. Abin da zai same shi shi ne gajartar ƙafa da ɗingishi, kuma yara da yawa suna tafiya a haka shekara da shekaru. Sai dai gajartar tana karkatar da ƙugu, tana ɗora nauyi a kan gwiwa da idon sawu da ƙashin baya, kuma waɗannan ma gaɓoɓi ne da ba su da mai gadi. Don haka barin gaɓar yana tafiya ne tare da aiki: takalmi mai ƙarin tudu a ƙafar hagu, motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi domin ƙarfafa tsokoki, hoton ƙugu da gwiwa da baya lokaci-lokaci, da keken guragu don tafiya mai nisa. Na san iyaye ba sa son jin maganar keke ga yaron da ke iya tafiya, amma kowane taku da aka rage masa yau, ajiya ce ga gwiwarsa idan ya kai shekara ashirin. Cibiyar koyar da ƙera kayan gyaran gaɓoɓi da ke Nsawam tana yin irin waɗannan takalma da abin ɗaura ƙafa, kuma likitanku zai iya tura ku can ko wani wuri mafi kusa.

Ra'ayina, tun da kin tambaya, shi ne wannan. Idan gwaji ya nuna babu mugunya, ƙwallon yana nan lafiya, kwarmin ne marar zurfi a fili, kuma gidanku yana da wanda zai iya zama da yaron dare da rana na tsawon wata uku, to tiyata sau ɗaya a hannun gwani abu ne da za a iya karewa, matuƙar kun shiga da sanin cewa tana iya warwarewa. Idan kuwa ƙwallon ya fara lalacewa, ko yaron yana da gyambo a wani wuri a jikinsa, ko kuma irin yaran nan ne da ba sa zama wuri ɗaya ko da minti biyar, ni zan karkata ga likitan da ya ce a bari. Kada garin neman gira a rasa ido. Burinmu yaro mai tafiya wanda babu cuta a ƙashinsa, ko da hotonsa bai yi kyan gani ba.

Maganar mai ɗori

Ki gaishe mini da Hajiya kakarsa, ki kuma gaya mata cewa ba raina sana'ar ɗori nake yi ba. Amma mai ɗori da kukan majinyaci yake aiki: da shi yake gane inda ciwon yake, da shi yake sanin ya ja ya isa, da shi yake sanin ɗauri ya matse. A wurin jikanta wannan ma'auni babu shi. Ruwan zafin gashi zai ƙona shi bai motsa ba, ɗaurin kara zai tsayar da jini har ƙafa ta mutu yana barci, tsagar da za a yi a shafa magani kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Wannan hanyar kam a rufe ta gaba ɗaya.

Aikin da ke hannunki a gida

Kowace hanya aka bi, idonki da hannunki ne za su tsaya a madadin zafin da ba ya ji. Safe da dare ki tuɓe shi ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da gwiwoyi da baki da idanu, ki sa bayan hannunki a gaɓar dama sannan ta hagu ki kwatanta ɗuminsu. Gaɓar da ta fi 'yar'uwarta ɗumi ko kumburi, ko sabon salon tafiya, dalili ne na zuwa asibiti a ranar, ko da yana dariya. Ki mallaki ma'aunin zafi. Idan jikinsa ya yi zafi, ki jiƙa shi da ruwa ki sa shi a inuwa. In zafin rana ne zai sauka cikin ɗan lokaci, in bai sauka ba a gwada jininsa, kuma ki roƙi a duba gaɓoɓinsa ko da gwajin ya nuna zazzaɓin sauro. Lokacin hunturu ki yawaita shafa masa man kaɗe, domin fatar da ba ta gumi tana saurin tsagewa. Ki nisanta shi da murhun gawayi da salansar babur, ki ɗanɗana kokonsa kafin ya sha. Ki je da kanki wurin malaminsa na boko da na allo ki yi musu bayani: ba bulala, ba tsallen kwaɗo, ba durƙuso, kuma kada a bari yara su mai da shi abin gwaji don ganin ko zai yi kuka, abin da yakan faru da zarar sun gane.

Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da dukan hotunan, na farko da na bayan mayarwa da na yanzu, tare da katin inshorar lafiyarsa, ki roƙi likitocin biyu su zauna a kansu tare idan zai yiwu. Ki tambayi mai son tiyata abin da zai yi idan gaɓar ta sake fita bayan aikin, da yadda za a hana yaron taka ƙafar. Ki tambayi mai cewa a bari sau nawa za a riƙa ɗaukar hoto, da kuma alamar da za ta sa ya sauya shawara. Idan yaron yana da ƙanne, musamman wanda bai fara haƙora ba, ki tafi da su a duba su a wannan zuwan.